Kura Mai Lasar Gara

A ƙauyen Tungar Faru, can inda gonaki suka ƙare daji ya fara, an yi wani mutum ana ce masa Arzika Mai Dagi. Ba shi da sana'ar da ta wuce haƙar suri. Duk wanda gara ta addabi rumbunsa, ko ta cinye masa azarar ɗaki, Arzika zai aika wa. Gogan kuwa in ya zo ba ya wasa. Sai ya bi surin nan da dagi har gindi, ya fasa ɗan ɗakin lakar da uwar gara ke kwance a ciki, ya zaro ta fara fat tana numfashi, ya ɗaga wa jama'a su gani. To, in uwa ta tafi gida ya mutu. Suri nawa ya kashe? Shi kansa ya daina ƙirgawa.

Akwai wani jan suri a bayan gidansa, ya kai tsawon mutum biyu, wanda tun kaka da kakanni ba a taɓa shi. In damina ta matso, tsofaffi kan zuba masa gumba su wuce ba waiwaye. Kullum Arzika ya fito sai ya gan shi tsaye ƙiƙam, abin ya riƙa ci masa rai, wai a ce mai kashe surin mutane na bayan gidansa ya gagare shi.

Matarsa Lanti, wadda suka shekara ashirin da huɗu tare, ta ce, "Maigida, wa ya aike ka? Surin nan hatsi ya ci maka ko riga? Ka bar abin da ka tarar."

Ya ce, "Ke dai kira zabinki, yau za su ci daɗi."

Ina! Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Ya wuni yana sara, da la'asar ya fito da uwar da bai taɓa ganin irinta ba, kaurinta ya kai damtsen mutum. Ya jefa wa zabin Lanti, suka yi mata caa, kafin ka ce kwabo babu ko ɓurɓushinta.

Da gari ya waye Lanti ta yunƙura za ta tashi daga tabarma, ƙafa ta ƙi. Ta duba, sai ta saki salati. Jar laka ce ta rufe ƙafafunta har idon sawu, ta manne su da daɓen ɗaki, ga gara tana kai da kawowa a kai, kowace da ɗigon laka a baki, gini suke yi. Arzika ya sa wuƙa ya ɓanɓare ɗan wuri kaɗan. Lanti ta ƙwalla ƙara, jini ya biyo lakar, nan take kuma aka mayar da ginin ninki biyu. Ya zuba toka, ya zuba ruwan maɗaci, ya turara hayaƙi, duk a banza. Kafin hantsi gini ya kai ƙwaurinta.

Ya ruga bayan gida kamar mahaukaci. A bakin ramin da ya haƙa jiya sai ya tarar da wani zago, wato jarumin gara mai ƙaton kai, amma wannan girmansa ya kai na rago, kansa ja wur, muƙamuƙansa kamar lauje biyu.

Zagon ya ce, "Kai ne ɗan Adam mai dagi?"

Arzika ya durƙusa ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe." Ka ji duniya, yau ga Arzika yana ce wa gara ranka ya daɗe!

"Ni ne Madawakin wannan gida. Shekara ɗari bakwai uwarmu na kwance tana haihuwa, ka ba tsuntsaye ita a wuni ɗaya. Gida ba ya zama ba uwa. Mun duba gidanka, mun ga uwar da ke cikinsa, mun ɗauka. Za mu gina mata ɗaki irin na sarauniya. Gobe in rana ta faɗi za mu toshe ƙofa ta ƙarshe, wato hancinta."

"Ku cinye rumbuna! Ku cinye ɗakin da abin da ke ciki!"

"Ba yunwa ta kawo mu ba."

"To wa zan roƙa?"

Zagon ya ce, "Babu mai tashinmu daga aiki sai wadda ta saba cinmu tun farkon duniya ba ta taɓa rushe mana gida ba. Ita kaɗai muke jin nauyi. Kura ce mai geza, tana Ƙasar Jan Suri, wannan ramin da ka haƙa da hannunka shi ne hanya. In ta yarda ta biyo ka, to. Mu dai ba za mu dakata ba." Ya juya ya shige.

Kura! Da jin haka sai hankalin Arzika ya ɗan kwanta, don ko ɗan goye a Tungar Faru ya san abin da ake kai wa kura. Ya kama akuya ya yanka, ya cire cinya guda ya cusa a burgami. Ya kira matan maƙwabta su zauna da Lanti su riƙa ba ta ruwa. Lokacin gini ya kai gwiwa.

Lanti ta riƙe bakin rigarsa ta ce, "Maigida, tafiya za ka yi ka bar ni? Wallahi tsoro nake ji. Ina jin su suna tafiya a kan fatata."

Ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce, "Ni na ɗebo wannan, Lanti. Ki yi ta magana da matan nan, kada ki yi barci, ina nan dawowa." Ya ɗauki daginsa ya faɗa rami.

Ya yi ta zuƙewa cikin ƙasa, wani wurin da rarrafe, wani wurin da jan ciki, zago jere dama da hagu suna kaɗa kawuna jikin bango kaf-kaf-kaf, ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya ba shi hanya da daɗi. Can sai rami ya tofar da shi a wata ƙasa. Ranar ƙasar a tsaye take wuri guda, ja, kamar ta la'asar sakaliya, ba ta hawa ba ta sauka. Surruka ko'ina, wasu sun fi rimi tsawo, inuwarsu ta miƙe har inda ido ya ƙare. Arzika ya kama tafiya da sauri, don a ƙasar da rana ba ta tafiya ina mutum zai san saura nawa?

Bai yi nisa ba ƙasa ta tsage a gabansa, ƙasa na tashi sama guda-guda, sai ga wani dabgi ya fito da baya. Ya kai girman sa, dogon hanci, kunnuwa kamar na jaki, farata kamar bakin fartanya.

Dabgin ya ce, "Salamu alaikum, abokin sana'a. Labarinka ya riga ka zuwa."

"Wa alaikumus salam, ya shugaban mahaƙa. Kura mai geza nake nema."

"A tsohon gidana take. Ni nakan haƙa in bari, ita ta shiga ta gyara, haka muke tun kakanni. Ni ma ina fasa suri, ɗan Adam, amma nakan tsaya a zaure. Wa ya ce maka ana shiga har ɗakin uwa?" Ya miƙo hancin nan ya shinshina. "Me ke cikin burgaminka?"

"Ɗan guzuri ne."

"Ajiye shi a nan ka wuce."

Arzika ya ce a ransa, a'a, ka ji tsoho da wayo, so yake in juya baya ya lamushe gaisuwar kura. Ya ƙara damƙe burgami ya ce, "A yi mini afuwa, ba nawa ba ne."

Dabgi ya ce, "Shi ke nan. Ka bi gabas har ka isa filin da ake girbi ba manomi, kada ka taka ma'aikata. Bayan filin za ka ga karan ciyawa da baƙin abu a shafe, wannan iyakar kura ce. Tsaya nan ka yi sallama, kada ka tsallaka sai an amsa." Ya koma ƙasa kamar bai taɓa fitowa ba.

Arzika ya yi ta tafiya har ƙafafunsa suka yi bororo. Sai ya fara jin wani sauti kamar yayyafi a kan busasshen ganye, alhali ko gajimare babu. Ashe gara ce, ƙanana masu tsinin kai, sun rufe fili baki ɗaya suna yankan ciyawa suna ɗauka layi-layi. Ya nannaɗe wando ya shiga yana taka tsakanin layuka kamar mai tsallake kwata. Ya ci rabin filin lafiya. Amma hali zanen dutse, ɗaya ta hau masa yatsa, kafin ya yi tunani ya murje ta da diddige.

Girbi ya tsaya cak. Dubu sau dubu suka ɗaga tsinin kawunansu gare shi, suka feso masa wani ruwa mai danƙo da ɗaci. Ya shiga idonsa kamar barkono, ya ɗaure masa ƙafafu kamar ƙaro. Ya faɗi, ya tashi, ya rufe fuska da riga ya yi ta gudu yana ihu yana neman gafara, har ya ji ƙasa tsura a ƙarƙashinsa. Idonsa na hagu ya kumbura ya rufe, da na dama ya ci gaba.

Can ya ga karan ciyawar da aka faɗa masa, da ɗan baƙin abu a shafe kamar kwalli, ga wani wari mai hawa kai. Duk taku kaɗan akwai wani karan, sun zagaye wani fako mai rami a tsakiya. Wannan karon ya ji magana, ya tsaya ya yi sallama har sau uku.

Wata dabba ta fito daga ramin. Kura ce sak, ƙafafun gaba sun fi na baya tsawo, jiki ruwan ƙasa da baƙaƙen zane, sai dai ba ta fi karen farauta girma ba. Tana ganinsa sai gezarta ta miƙe tun daga ƙeya har wutsiya, ta koma ninki biyu, ta saki wani ruri da ya sa Arzika ya ja da baya.

Murya ta namiji ta ce, "Wane ne a kan iyakata?"

"Baƙo ne, ranka ya daɗe, mai neman taimako. Kura mai geza aka ce in nema."

"Matata kake nema. Ta fita kiwo, ni ke gadin 'ya'ya, haka tsarin gidanmu yake. Shigo, amma a hankali."

Arzika ya tsallaka, ya durƙusa, ya zaro cinyar akuyar nan ya ajiye da hannu biyu yana jiran a sa masa albarka. Sai ya ga Kuren ya yi tsalle baya kamar an watsa masa wuta.

"Mene ne wannan? Nama ka kawo ƙofar gidana?"

"Gaisuwa ce, ai a garinmu kura..."

"Kurar garinku! Dubi bakina, ɗan Adam." Ya wangale baki. In ban da fiƙoƙi huɗu na gaba, sauran haƙoran 'yan tsinke ne a warwatse, ko ƙashin kaza ba za su fasa ba, sai wani harshe mai faɗi da danƙo. "Kama da wane ba ta wane. Mu gara muke lasa, ba mu taɓa taɓa dabbar kowa ba, amma saboda wannan kamar ake jifanmu. Tun daga ina kake jan wannan warin a bayanka?"

"Tun daga bakin rami."

"Wayyo 'ya'yana! Ka nuna wa diloli hanya."

Bai rufe baki ba aka ji kuka daga yamma, aka amsa daga kudu. Diloli bakwai suka fito daga ciyawa, idanunsu kamar garwashi, babbansu da farin gashi a gadon baya. Suka yayyaga cinyar a haɗiya uku. Sannan babban ya lashe baki ya ce, "Mun gode da abin taɓawa, ɗan Adam. Yanzu sai tuwon, muna jin ƙamshin jarirai uku a ramin nan. Matsa gefe, ba ruwanmu da kai."

Arzika ya waiga, ya ga 'yan kawuna uku sun leƙo daga rami, ido bai gama buɗewa ba. Kunya ta kama shi fiye da tsoro. Ya ce a ransa, jiya na kashe wata uwa, yau kuma in ja a kashe 'ya'yan wata? Ya gyara tsayuwa a bakin ramin, ya ɗaga dagi ya ce, "Sai dai ku bi ta kaina."

Suka kuwa bi. Biyu suka yi kan Kuren, biyar suka yo kansa. Ya ɗirka wa na farko dagi a haƙarƙari, ya sheme na biyu, na uku ya cafke masa ƙwauri har ƙashi. Da ido ɗaya yake faɗa, duk wanda ya zo ta hagu sai dai ya ji haƙori. Kuren na ruri yana sara da fiƙoƙinsa, sun yage masa kafaɗa amma bai bar bakin ramin ba. Babban dilan ya lallaɓa ta tsakanin ƙafafun Arzika, har ya sa kai cikin rami ya kamo ɗa guda ta wuya. Arzika ya saki dagi ya damƙi wutsiyarsa da hannu biyu, ya fizgo shi ya maka da ƙasa. Ɗan ya faɗo yana kuka, da ransa. Da sauran suka ga babbansu na jan baya da ƙyar, sai kowa ya yi ta kansa.

Ana cikin haka uwar ta iso a guje, gezarta a tsaye. Ta lashe 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ta duba raunin mijinta, sannan ta juyo kan Arzika. Ya faɗa mata komai, bai rage ba, har zabi da akuya.

Kurar ta ce, "Kai ka kawo masifar, kai kuma ka tare ta. Wannan ya shafe wancan, ba ka bina komai."

Arzika ya kifa goshi a ƙasa yana kuka wiwi, ƙato da gemu. "Ranki ya daɗe, ba don ni ba. Ita ta hana ni, ban ji ba. Ba ta da laifi ko na anini."

Kurar ta kafa manyan kunnuwanta ta sunkuyar da kai ƙasa. Da kunnen nan take jin gara na yankan ciyawa daga nesa, da shi take samun abinci. Ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, "Ina jin su. Sun wuce ƙirji, suna wuya. Ranar garinku ta biyu ta karkata."

Mijin ya ce, "Je ki. Da ba don shi ba da biyu muke da su yanzu. Zan iya riƙe ƙofa, amma kada ki daɗe, diloli sun san hanya."

Suka kama gudu, Arzika na ɗingishi jini na bin ƙafarsa. A filin girbi ma'aikata suka dare mata hanya. Duk da saurin da ake, ta ɗan lasa nan ta lasa can, da ta ji ɗacin jarumansu ya fara yawa sai ta yi gaba. Ta ce, "Ka gani? Nakan ci in bar gidan a tsaye. Na san wurin kowane suri a ƙasata, wata mai zuwa in na dawo zan tarar sun cika. Kai me kake tararwa in ka koma?"

Suka ɓullo bayan gidansa rana ta kusa taɓa ƙasa. Matan da ke jinya suna ganin abin da ya biyo shi suka watse suna ihu, "Kura! Kura a gidan Arzika!" Ya tura Kurar ɗaki, ya ja ƙyaure ya tokare da turmi. Nan da nan aka ji maza sun cika tsakar gida da sanduna, suna dukan ƙofa suna cewa ya buɗe, ko ya haukace ne?

Allah sarki Lanti! Ba abin da ya rage nata sai ido da hanci. Laka ta rufe bakinta, gara na jera ɗigo a ƙarƙashin hancin, numfashinta na fita da ɗan fito. Da ta gan shi sai hawaye suka zubo suka jiƙa ginin.

Kurar ta ce, "Salamu alaikum, ma'aikata. Ni ce." Gini ya tsaya. Ta sa harshen nan ta fara daga ƙafa, lasa ɗaya ɗaruruwa. Duk inda ta share, sai laka ta bushe ta zube da kanta, fata lafiya lau a ƙarƙashi. Ƙwauri ya fito, gwiwa ta fito, ƙugu, ƙirji. A waje an fara sara ƙyaure da gatari. Arzika ya jingina baya da ƙofa yana cewa, "Yi sauri, ranki ya daɗe, yi sauri!"

Da ta kai wuya sai ta ja da baya ta zauna. Saura kamar cikin tafi guda, a kan baki da haɓa, kuma suna ganin ta tsaya suka koma aiki.

"Ƙarasa mana!"

"A'a. Ban taɓa ƙarar da gida ba, ba kuma zan fara a kanka ba. Waɗannan su ne irin gidan da ka rushe."

Arzika ya ɗaga hannu zai murje su. Kurar ta daka masa tsawa, "Kul! Ranar da ta ƙarshensu ta mutu a jikinta, numfashinta zai bi ta. Ba mugunta suke ba, marayu ne, ɗumin mai rai suke nema su gina a kai har ruwan farko ya sauka sabuwar uwa ta tashi. Ka ba su wani wurin su sake ta."

"Ga rumbu, ga azara, ga..."

"Na ce mai rai. Kuma ka sani, abin da suka kwana uku a kansa ba ya komawa yadda yake."

Hancin Lanti ɗaya ya toshe. Idanunta suka firfito, ƙirjinta na dagawa ba iska. Arzika ya dubi hannuwansa biyu. Ya miƙa na hagu, gara ta ƙi ko kallonsa. Sun san wanda ya yi aikin. Ya ce bismillahi, ya ɗora na dama a kan haɓar matarsa.

Suka hau, layi guda, ba wadda ta rage. Lakar bakin Lanti ta tsage ta faɗi, ta ja wani dogon numfashi ta fashe da tari. Kafin ta gama tarin, yatsun Arzika biyar sun ɓace cikin jan gini. Kurar ta ce, "Kai su surinsu, ka sa hannun a ramin, kada ka zare sai ka ga masu fiffike sun tashi. Ni 'ya'yana na jira." Ƙyaure na faɗuwa ta bi ta tsakanin ƙafafun maza kamar iska, sanda ko ɗaya ba ta same ta ba.

Kwana tara Arzika ya yi kwance a bakin surin, hannu cikin rami har gwiwar hannu, rana ta dake shi, raɓa ta dake shi. Lanti ta kafa masa 'yar rumfa da zana, ta wanke masa ido, ta wanke masa cizon dilan nan, ba ta matsa ko nan da can ba. Ran na tara hadari ya haɗo, ruwa ya sauka, da ya ɗauke sai ga shinge, wato gara masu fiffike, na tashi daga ko'ina fari fat. Biyu suka sauka a bakin ramin, suka zubar da fiffike suka shige. Arzika ya ji an sake shi. Ya zaro hannu, ya fito a bushe, baƙi, a ƙanƙance kamar tsohon reshe, ko yatsa ɗaya ba ya motsi.

Da suka koma gida Lanti ta tuƙa tuwo ta ajiye masa. Ya zauna ya daɗe yana kallon akushin, mutumin da duk ƙasar nan ake kira saboda ƙarfin hannun damansa. Ya juya baya don kada ta gani, ya miƙa hagu a hankali zai gutsura.

Lanti ta buge hannun. Ta jawo akushin gabanta, ta wanke hannunta, ta gutsuro loma ta dangwalo miya, hawaye na zuba tana faɗa. "Da raina za ka ci tuwo da hagu? Buɗe bakin, Maigida."